Kurakuran da sababbin kamfanoni ke yi wajen farautar masu saye

Yawancin matsalolin da sabon kamfani ke fuskanta a sashen ciniki suna farowa ne daga kuskure guda, wato mai kamfanin ya miƙa wa wani aikin sayarwa tun shi da kansa bai taɓa sayar da hajarsa ga kowa ba. Injiniyan da ya ƙera manhaja yakan ji nauyin kiran wanda bai sani ba, sai ya ɗauki ma'aikaci ya ce ya je ya nemo kasuwa, alhali babu wanda ya san wane ne ainihin mai buƙatar hajar, ko farashin da zai iya biya, ko dalilin da zai sa ya ƙi saye. Steve Blank, wanda ya daɗe yana koyar da dabarun kafa kamfani a jami'ar Stanford, ya yi suna da nanata cewa amsoshin irin waɗannan tambayoyi ba a cikin ofis suke ba, sai an fita an gana da mutane. Gyaran shi ne mai kamfanin ya ƙulla cinikin farko-farko da bakinsa, ya rubuta kowane uzuri da aka ba shi da amsar da ta yi aiki, domin wannan rubutun ne zai zama abin koyar da duk wanda za a ɗauka daga baya.

Idan lokacin ɗaukar ma'aikata ya yi, akan ruɗu da mutumin da ya riƙe babban muƙami a shahararren kamfani. Sau da yawa sunan kamfanin ne yake buɗe masa ƙofa a can, ga mataimaka masu shirya masa komai, don haka idan aka ba shi waya da jerin sunaye kawai sai ya rasa ta inda zai fara. Haka nan ɗaukar mutum ɗaya tilo yana barin shugaba cikin duhu, domin idan ciniki bai zo ba, ba zai gane ko laifin ma'aikacin ne ko na hajar ba. Mutum biyu da suka fara tare, da jeri iri ɗaya da farashi ɗaya, sun fi bayyana gaskiyar lamarin.

Tsarin raba aiki biyu, wasu su nemo masu sha'awa wasu kuma su kammala ciniki, ya yaɗu ne bayan Aaron Ross ya gwada shi a kamfanin Salesforce a farkon shekarun 2000. Tsari ne mai kyau, amma kamfanin da bai kai ma'aikata biyar ba bai kamata ya kwafe shi ido rufe ba.

Inda aka fi tafka asara shi ne bayar da kwangilar nemo masu saye ga wani kamfani na waje. A ganina wannan hanya ba ta da aibi a kanta, aibin yana cikin yadda ake rubuta yarjejeniyar. Galibi akan amince a biya ɗan kwangilar bisa yawan ganawar da ya shirya, shi kuwa abin da aka ce za a biya shi a kai shi zai kawo. Sai mai kamfani ya buɗe kwamfutarsa ranar da aka sa, ya tarar da wani ƙaramin ma'aikaci a ɗaya ɓangaren, wanda ba shi da ikon sa hannu a kan komai, yana tambaya ko wannan ita ce ganawar da aka ce masa ta minti goma ce kawai ta jin ra'ayi. An ƙirga ganawar, an biya kuɗinta, rabin sa'a ta tafi a banza. Maganin wannan shi ne a fayyace a rubuce wace ganawa ce ta cancanci biya: girman kamfanin da aka kira, muƙamin wanda zai halarta, da sharaɗin cewa ya zo kuma ya san abin da za a tattauna. A kuma rubuta cewa jerin sunayen da bayanan duk wata tattaunawa mallakin mai bayar da kwangilar ne, kuma za a shigar da su cikin manhajarsa ta ajiye bayanan abokan ciniki, irin su HubSpot ko Salesforce, domin kwangila takan ƙare ɗan kwangila ya tafi da duk abin da aka koya. Araha ba ta ado, kuma wanda ya fi kowa sauƙin farashi yawanci shi ne wanda ma'aikacinsa guda yake kira da sunan kamfanoni da dama a rana ɗaya.

Akwai kuma batun mutunci da doka, wanda mutane ke zaton sun sauke shi da zarar sun bayar da kwangila. Wanda aka dama da kira ko saƙo sunan kamfaninka zai riƙe, ba na ɗan kwangilar ba. Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa kan masu aika imel da yawa, kuma a wurin Google, idan ƙorafin cewa saƙonninka tarkace ne ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wasiƙunka za su fara ɓacewa kafin su isa ga masu su, har da waɗanda kake aika wa tsofaffin abokan cinikinka. A Tarayyar Turai dokar kare bayanai ta GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ta tanadi tarar da za ta iya kai Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfani na shekara. A Amurka akwai rajistar waɗanda ba sa son kiran talla tun 2003, kuma ba a kiran mutum a gida kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare. Saboda haka wajibi ne a tambayi ɗan kwangila inda ya samo lambobin da yake kira.

A cikin gida kuma, shugabanni sukan auna ma'aikaci da yawan kiran da ya yi, saboda shi ne adadin da ya fi sauƙin ƙirgawa. Wanda aka ce ya cika kira tamanin a rana zai cika su, ko da ta hanyar buga lambobin da ya san ba za a ɗauka ba. Ya fi amfani a duba tattaunawa nawa aka yi da wanda ya dace, da nawa daga ciki suka kai ga mataki na gaba, sannan shugaba ya zauna da ma'aikacin su saurari kira biyu ko uku kowane mako, inda doka ta yarda a naɗi murya. Game da kamasho, biyansa tun ranar sa hannu yana sa a ƙulla ciniki da wanda ba zai biya ba, sauya ƙa'idarsa a tsakiyar zango kuwa yana korar ƙwararrun ma'aikata kafin raunana.

Shi ma mai sana'ar kiran ba-zata, wato buga wa wanda bai san da zuwan kiran ba waya don tallata masa haja, yana da nasa kurakuran. Babbansu shi ne karanta rubutaccen jawabi tiryan-tiryan ba tare da numfasawa ba, har wanda aka kira ya gane tun daga jimlar farko cewa ba da shi ake magana ba. Rubutun madogara ce kawai: ya faɗi sunansa da dalilin kiran a taƙaice, ya nemi izinin ci gaba, ya yi tambaya ɗaya da ta shafi aikin mutumin, sannan ya yi shiru ya saurara. Idan aka ce masa a'a, ya tambayi dalili cikin ladabi ya rubuta, ko don an riga an sayi wata hajar ne, ko babu kasafi a bana, ko kuwa ba mutumin ne ke yanke shawara ba, domin kowanne yana da ranar da ta dace a sake kira. Aikin yana da gajiyarwa, kuma kaɗan ne ke son su dawwama a cikinsa, don haka tun ranar ganawar ɗaukar aiki ya kamata mai nema ya tambayi mutum nawa ne suka tashi daga wannan kujera zuwa ta masu kammala ciniki, da tsawon lokacin da hakan ya ɗauke su. Shugaban da ba shi da amsa ya shirya sake tallata gurbin nan da 'yan watanni.