Kurakuran da ke kashe Wi-Fi a gidan da na'urori suka yi yawa

Da wuya mako ya fita ba a kira ni gyaran aikin wani ba, daga Ƙofar Ƙaura har GRA a nan Katsina, kuma kukan ɗaya ne: kyamara na ɗaukewa, ƙwan wutar da ake kunnawa da waya ya ƙi ji, talabijin na sandarewa. Mai gida yana zagin kamfanin layi, alhali ciwon yana cikin falonsa.

Babban kuskure shi ne jibga busta, wato na'urar da ke maimaita sabis ɗin Wi-Fi don ya kai nesa, duk inda sabis ya yi rauni. Wannan ya taɓa cin kuɗina, ya so cin mutuncina. Na haɗa wa wani Alhaji kyamarori 8 marasa waya, da rauta ɗaya (na'urar da ke watsa Wi-Fi a gida) da busta biyu, duk a zangon Wi-Fi na 2.4 GHz. Da hantsi na gwada, hoto tar. Ashe bayan isha'i, idan yara sun dawo da wayoyinsu, maƙwabta sun kunna nasu, sai kyamarar bakin ƙofa ta mutu. Daren da aka kwance masa injin ruwa, babu abin da ta ɗauka. Ya kira ni, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, amanar ke nan?" Da kuɗin aljihuna na sayi kebul na sake aikin kaf.

Ku gane dalilin. Zangon 2.4 GHz na da tashoshi 13, amma tazarar da ke tsakaninsu 5 MHz ce, kowace kuwa faɗinta 20 MHz. Shi ya sa 1 da 6 da 11 kaɗai ake dogaro da su, su ne ba sa taka juna. Na'urorin da ke tasha ɗaya kuma layi suke bi kamar masu ɗiban ruwa a famfo guda: sai wannan ya gama, wancan ya tara. Busta mai rediyo ɗaya karɓa take ta maimaita a tashar nan, wato ta shiga layin sau biyu, gudu ya ragu kusan rabi. Haba ƙannena, ta yaya za a rage cunkoso da ƙara jarkoki?

Ni yanzu ga al'adata. Duk abin da ba ya motsi, kebul nake ja masa, ko mai gida zai yi ƙorafin kuɗi. Wayoyi da kwamfuta ina kora su ɗaya zangon, wato 5 GHz, na ba shi suna daban. Yana da tashoshi da yawa, sai dai bango na cinye shi da wuri. Ƙwayayen wuta da soket masu araha, da akasari 2.4 kaɗai suka sani, na bar musu wurinsu, na ɗaure faɗin a 20 MHz. Ba na barin rauta ta zaɓi tasha da kanta. Wasu abokan sana'a ba su yarda da ni ba, amma ni da dare nake zuwa da manhajar duba tashoshi, lokacin da unguwa ta cika, na zaɓa da hannuna.

Kuskure na biyu, ɓoye rauta. Na sha ciro ta daga akwatin ƙarfe, gefen batiran inbata, ta yi zafi rau kamar an sauke ta daga murhu. Ƙarfe na tare sabis, zafin Afrilun Katsina kuma na sa ta sumewa. Don Allah a rataye ta sama, a tsakiyar gida, inda iska ke ratsawa.

Sauran ƙanana ne. Na'urar ɗumama abinci tana aiki a 2.45 GHz, cikin zangon 2.4 ɗin nan, a nisanta ta da rauta. Kada a jingina ma'ajiyar USB 3.0 da rauta. Ƙaramar MiFi ta aljihu ba ta riƙe gida guda. A jerin shaguna, ƙure ƙarfin rauta cutar maƙwabci ne, shi ma zai ƙure tasa. Mai na'urorin Zigbee kuwa, wato wani tsarin haɗa na'urorin gida da ke raba zangon 2.4 da Wi-Fi, ya kai su tashar Zigbee ta 25, sama da tashar Wi-Fi ta 11.