Darasi: Belin wanda ake tuhuma da fashi da makami

Beli shi ne a saki mutum ya koma gida kafin a gama shari'arsa, bisa alkawarin zai riƙa zuwa kotu duk ranar da aka sa. Ba wanke shi aka yi ba, kuma ba a ce ya yi laifin ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar.

To, me ya sa belin fashi ke da wuya? Nauyin hukuncin ne. Dokar Fashi da Makamai ta 1984 ta ce wanda ya yi fashi, ɗaurinsa ba zai gaza shekara 21 ba. In kuwa yana riƙe da bindiga ko wani makami, ko yana tare da mai makami, ko ya ji wa wani rauni, hukuncin kisa ne. Mutumin da ya san ransa ne a kan layi, alƙali zai yi tsoron ya gudu.

Saboda haka 'yan sanda ba sa ba da irin wannan beli, majistare ma ba shi da hurumi. In an kai mutum gabansa, abin da yakan yi shi ne ya ce a ajiye shi a gidan gyaran hali. A nan iyalai da yawa ke asarar kuɗi, wani ya tare su a harabar kotu ya ce a kawo abin goro zai fito da yaro yau. Ƙarya ce. Alƙalin Babbar Kotu kaɗai ke iya bayarwa.

Shi ma sai an nuna masa dalili na musamman. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 161, ta ambaci rashin lafiya, amma ba ta fatar baki ba: sai likitan asibitin gwamnati ya rubuta, kuma a nuna cewa inda ake tsare da shi ba za su iya kula da ciwon ba. Ta kuma ambaci jinkirin da ya wuce shekara 1 ba a gama bincike ko gurfanar da shi ba. Ta bar wa alƙali damar duba wani dalilin da ya ga ya kai. Jihohi kamar Kano da Kaduna sun yi tasu dokar mai kama da wannan. A lura, "yana da mata da yara" ko "mutumin kirki ne a unguwa" ba sa isa su kaɗai.

Lauya ne ke shigar da roƙon a rubuce, haɗe da takardar rantsuwa, mai gabatar da ƙara kuma ya mayar da martani. Alƙali zai duba ƙarfin shaida, ko mutumin ya taɓa laifi, ko zai iya razana shaidu ko ɓatar da hujja. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Taimakon Shari'a Kyauta da ke babban birnin jiharsa.

In an yi sa'a an bayar, sai a nemi masu tsaya masa. Mace ma tana iya tsayawa, doka ta hana a ƙi ta don ita mace ce. Amma kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, ka sa a karanta maka adadin kuɗin da ke takardar. Yawanci ba yanzu za ka biya ba. Ranar da mutumin ya gudu kuwa, kai kotu za ta nema: ko ka kawo shi, ko ka biya, in ka kasa a iya ɗaure ka.

Tattaunawa a aji: Maƙwabcinka ya roƙe ka ka tsaya wa ɗansa. Waɗanne tambayoyi za ka yi masa kafin ka amince?