Yadda Ake Tsara Ikon Motsa Abu da Tunani a Labari ko Wasan Kwamfuta

Har yau kimiyya ba ta tabbatar da wannan iko ba, amma idan ka ɗaure shi da dokokin kimiyya, mai karatu zai gamsu.

Fara da lissafin kuzari: nauyi a kilogiram, sau 9.8 (adadin da ke nuna ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi), sau tsayi a mita. Ɗaga mota mai kilo 1,000 sama da mita ɗaya na cin jul 9,800 (jul shi ne ma'aunin kuzari). Nan marubuta da yawa ke kuskure, sai su sa jarumi ya cinye tukunyar abinci bayan aikin, alhali wannan bai kai kalori 3 na abinci ba. Ƙaramin cokali na sukari ya fi shi.

Matsalar tana ga sauri. Ƙwaƙwalwa na aiki da kimanin wat 20, wato jul 20 a kowace daƙiƙa. Ko da duka ta zuba, sai ta yi fiye da minti takwas kafin ta ɗaga motar. In kana son motar ta tashi cikin daƙiƙa ɗaya, wat 9,800 ake buƙata, kusan ninki 500. Don haka hukuncin da ya dace shi ne zafi: zufa, jiri, suma. A wasa, sa ma'aunin zafi mai cika da sauri, mai sauka a hankali.

Kada ka manta da doka ta uku ta masanin kimiyya Newton: duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai. Wanda ya ture mota, shi ma za a ture shi baya, sai dai ya jingina da bango.

Nisa kuma: in ikon yana bazuwa kamar haske, ninka tazara sau biyu zai mayar da ƙarfinsa kashi ɗaya cikin huɗu.