Yadda za ka zaɓi karatun haraji, ta intanet ko zaman aji, in kana Damagaram

Masu kwantabilite da ke son ƙara diflom na fiskalite, wato ilimin haraji, suna yawan tambaya wanne ya fi, a yi ta waya ko a zauna aji. Ni dai a ganina ba nan ake farawa ba. Ga yadda za ka bi.

Da farko ka tambayi makarantar, dokar harajin wace ƙasa kuke koyarwa? Wannan tambayar ita ce rabin aikin wallahi. Yawancin kwas ɗin da ke yawo a Facebook da Faransanci dokar Faransa ce ko ta Senegal ko Kodibuwa, na Turanci kuma galibi na Najeriya ne, irin masu shirya jarrabawar CITN, cibiyar ƙwararrun haraji ta can. Lissafin kamfani kam ɗaya ne tsakaninmu da sauran ƙasashe 16 na OHADA, ƙungiyar da ta haɗa dokokin kasuwancinmu; tsarin lissafinta, SYSCOHADA, da aka sabunta ya fara aiki tun 2018, to wannan ko daga Dakar aka koya maka ba matsala. Amma haraji kowace ƙasa da nata. TVA, harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, a Nijar kashi 19 ne, Faransa 20, Najeriya 7.5. Ɗan kasuwar Dole ya sayi kaya na jaka 60 ya biya TVA 11,400, ya saida jaka 100 ya karɓi 19,000, abin da zai kai DGI, hukumar haraji, 7,600 ne, in kai kuma ka saba da 20 ɗin malamin Paris ka rubuta masa haka, to shi za a ci tara kuma sunanka ya ɓaci a kasuwa, ka san dai Damagaram labari ba ya kwana. In ka ga furogiram babu harajin riba, babu ITS, harajin albashi, babu NIF, lambar mai biyan haraji, babu faktir sertifiye, rasit ɗin da DGI ta amince da shi, ka wuce kawai.

Sai maganar takarda. Akwai atestasiyon da ake bayarwa bayan ƴan makonni, akwai diflom da gwamnati ta sani, ba ɗaya ba ne. Ka ce su nuna maka izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, kuma ko CAMES, hukumar Afirka mai tantance diflom, ta amince da shi. In burinka ka zama ma'aikacin impo ne, wato hukumar haraji, hanyar konkur ce, kwas ɗin intanet taimako ne kawai wajen shiri. In kuma eksper kwantabul kake hange, akwai diflom ɗin DECOFI na ƙungiyar UEMOA da rajista a ONECCA, ƙungiyar masu kwantabilite ta ƙasa, doguwar hanya ce da estaj a ciki. Kar ka tura ko dala kafin ka ga wannan a rubuce.

Daga nan ka zauna da biro ka yi lissafin gaskiya. Zaman aji a Yamai ba kuɗin makaranta kaɗai ba ne, tafiyar kusan kilomita 900 ce, ga haya ga abinci, ga aikinka da za ka bari, mai iyali ma sai dai haƙuri. Na intanet kuma akwai forfe duk wata, da ordinater, don waya ba ta isa aikin Excel, ido zai gaji kafin ka gama tablo guda. Ka tambaya ko ana ajiye bidiyon darasi ko kai tsaye ne kaɗai, saboda lokacin zafi wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar darasi rezo ma ya bi ta. In ba a ajiyewa ni ban ba ka shawara ba. Ka kuma ji inda ake zana jarrabawa, wasu sai ka je da kanka, ka sa kuɗin mota a lissafi tun yanzu.

To wa ya dace da wanne? Wanda bai taɓa cika deklarasiyon, takardar bayyana haraji, ba, aji ya fi masa, ko da darasin dare ne bayan aiki, domin haraji sai an ɗaga hannu an ce malam ban gane ba a sake. Wanda yake aiki a kabine, ofishin masu kwantabilite, ko yana riƙe wa wani Alhaji littafi, yana shiga ofishin impo yana fita, shi intanet ya ishe shi, abin da ya rage masa tsari ne da takarda.

In ka zaɓi intanet ɗin, ka nemi kundin haraji na ƙasa, wato CGI, da dokar kasafin kuɗi ta bana, don kusan duk shekara sai an taɓa wani abu, tsohon PDF da ke yawo a gurup na WhatsApp ya yaudari mutane da yawa. Ka tsaida lokaci guda, bayan asuba ya fi, gida shiru rezo kuma da sauƙi. Ka samu mutum biyu ko uku ku riƙa haɗuwa ran Asabar kuna warware tsofaffin tambayoyi da hannu, da agogo a gabanku. Sannan ka roƙi wani kabine nan cikin gari su bar ka kana zuwa ƙarshen wata lokacin da ake haɗa TVA da ITS, ko ba biya, ka ce ranka ya daɗe ko faktir ne a ba ni in jera.