Yadda ake kiyaye mafitsara a tiyatar mabiyiyar da ta manne wa mahaifa

Mabiyiya kan kafe a bangon mahaifa ta ƙi fita, galibi ga matar da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, musamman idan a sabon cikin mabiyiyar ta sauko ta rufe bakin mahaifa. Wani lokaci har takan huda bangon ta kai ga mafitsara, wadda ke kwance daidai gaban tsohon tabon, shi ya sa mafitsara ta fi saurin samun rauni a wannan aiki.

Kariyar tun daga awon ciki take farawa. Da zarar hoto ya nuna alamar mannewa, a tura mai cikin babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, a tanadi jini da likitan mafitsara, a tsara aikin tsakanin mako 34 da 36, kafin naƙuda ko zubar jini su tilasta a shiga da gaggawa.

A ɗakin tiyata, a fara sa robar fitsari. Idan ana zargin mabiyiyar ta bazu gefe, wasu likitoci kan zura siraran robobi cikin bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, domin hannu ya ji su lokacin da jini ya rufe ido. A tsaga mahaifa sama da inda mabiyiyar take, a ciro jaririn, kada a ja mabiyiyar ko kaɗan. Kafin a raba mafitsara da mahaifa, a cika mafitsarar da ruwan gishiri ko ruwa mai launin shuɗi ta robar, sai iyakarta ta fito fili. A ganina nan ne gaggawa ta fi yin ɓarna, domin bututun ƙoda yana ratsawa dab da jijiyar jinin mahaifa da ake ɗaurewa don tsayar da jini, ɗauri ɗaya cikin rashin gani ya isa ya toshe shi.

Idan mafitsarar ta tsage, a ɗinke ta hawa biyu da zare mai narkewa, a sake cika ta a tabbatar ba ta yoyo, a bar robar kwana 7 zuwa 14.

Bayan aiki, ma'aikaciyar jinya ta riƙa auna fitsarin kowace awa, ta kira likita idan ya gaza mililita 30 ko jini ya ƙi washewa. A gaya wa mai jego da danginta cewa zazzaɓi, ciwon kuiɓi, ko fitsarin da ke zuba ta gaba ba tare da ta sani ba, duk dalilai ne na komawa asibiti a ranar.