Yadda Za Ka Tanadi Shaidar Ciwo Don Ranar Gaggawa

Mai ciwon suga da ke allurar insulin, idan sugansa ya sauka ƙasa da 70 a na'urar gwajin suga, sai gumi da karkarwa su kama shi, harshe ya sarƙe, wani lokaci ya yanke jiki ya faɗi. In abin ya same shi a tashar Kawo ko cikin Kasuwar Barci a Kaduna, wani zai ce maye ne, wani ya ce iska ce, a yi ta yayyafa masa ruwa. Ko an garzaya da shi asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho, likita lalube zai fara, tunda mai ciwon ba ya iya magana. Amfanin shaidar ciwo ke nan, wato ɗan farantin da kake ɗaurawa a jiki mai ɗauke da bayanin ciwonka: ta yi bayani a madadinka.

Masu buƙatarta sun haɗa da masu farfaɗiya, sikila, asma mai tsanani, masu shan maganin tsinka jini irin su warfarin, da duk wanda jikinsa ya taɓa ƙin wani magani, musamman penicillin, Septrin ko Fansidar.

Nemi ƙaramin farantin ƙarfen da ba ya tsatsa, faɗinsa kamar yatsu biyu, ka kai wa masu zana rubutu a kan ƙarfe. A huda rubutun cikin ƙarfen, domin fenti gumi da ruwan alwala za su goge shi cikin 'yan watanni. Layi huɗu sun isa: sunanka, ciwon, maganin da kake sha ko wanda jikinka ba ya so, sai lambar waya. Sunan ciwon da na magani a rubuta su da Turanci da manyan baƙaƙe, yadda likitanka ya rubuta a katinka, don da shi ma'aikatan asibiti ke aiki. A nan ake yawan kuskure: wani ya rubuta sunan magani kawai, mai karatu ya kasa gane shansa kake yi ko kuwa guba ne a jikinka. Sai a fayyace. Rukunin jini kuwa kada ya cinye maka wuri, asibiti sai ya sake gwadawa kafin ƙarin jini.

Lambar waya ta zama ta wanda ya san ciwon kuma yake ɗaukar kira, ba ta kawu da ke ƙauyen da babu sabis ba. In da wuri, a sa biyu.

A wuyan hannu ya fi dacewa, domin nan ake fara taɓawa wajen duba bugun jini. Kada a ɗaure tam, a bar sararin da yatsa ɗaya zai shiga. Namijin da ba ya son abin hannu sai ya maƙala farantin a igiyar agogo. Na wuya yakan ɓuya cikin riga ko hijabi, wasu ma su ɗauka laya ce. Ƙaramin yaro kuma kada a rataya masa a wuya, igiyar na iya shaƙe shi.

Ƙara da katin da aka rufe da leda a aljihu, mai cikakken bayanin magunguna da adadinsu, sannan ka cike sashen bayanan gaggawa na wayarka, wanda ake iya gani ko tana kulle. Amma kada ka dogara da su kaɗai: a hatsarin mota, waya da jaka su ne ke fara ɓacewa.

Duk lokacin da likita ya canza maka magani, a sake farantin, don tsohon bayani kan sa a yi maka maganin da bai dace ba.