Tsakanin "speak English" da "speak in English"

Duk shekara, a kwalejin da nake koyarwa nan Tawa, sai wani ɗan aji 6e, wato ajin farko na kwaleji, ya ɗaga hannu ya ce: "Mushe, I want to speak with English." Ba na yi masa dariya. Hausa ce ke aiki a kansa: mu "magana da Ingilishi" muke cewa, wannan "da" ɗin ce ta sa ya ɗauko "with". To amma "with" ta mutum ce, kamar "speak with my uncle". Harshe kuwa ba kawunka ba ne.

Ga yadda nake raba musu abin. In iyawa kake nufi, wato kana jin harshen, kada ka sa komai a tsakani: "I speak Hausa", "She speaks French". In kuma kana faɗin harshen da aka yi wata magana da shi, sai "in" ta shigo. Ɗan kasuwar albasa ya ƙetara daga Ƙonni zuwa Illela, jami'in bakin iyaka ya tare shi da Ingilishi. In ya dawo zai ce: "He spoke to me in English." Ka ga "to" ta riƙe mutum, "in" ta riƙe harshe. Haka "write in English", haka "How do you say albasa in English?"

Inda yara suka fi shan wuya shi ne Faransancin da suka taso da shi a lakkwal. "En" guda ɗaya, da ta shiga Ingilishi sai ta rabu uku. "Parler en anglais", "in" ce, babu gardama. "Traduire en anglais" kuwa "into" take so, don magana ta bar wani gida ta shiga wani: "translate from Hausa into English". "Fort en anglais" kuma "good at English". Sai ga "fluent" ta koma wa "in": "fluent in English". Wannan kada ka nemi dalili, haddace shi kawai.

Tun da dokar 2025 ta sa Ingilishi cikin harsunan aiki na Nijar tare da Faransanci, har manya na zuwa wurina da dare. Su kuma cutarsu "I hear English", daga "ina jin Ingilishi". "Understand" za ka ce, Alhaji. In za ka rubuta kuma, sa wa English babban baƙi. Faransanci ne ke barin "anglais" da ƙarami.